Wai a wace aya aka ce Maryamu Magadaliya karuwa ce?

Rifkatu: Salama jama'a. Tambaya ce da ni kuma don Allah aya nake so a ba ni, ba "haka muka taso muka ji" ba. A ina Littafi Mai Tsarki ya ce Maryamu Magadaliya karuwa ce? Duk diramar Ista da matasa ke yi sai an nemo yarinya an lafta mata janbaki an ɗaura mata ɗankwali a karkace, ta shigo tana taunar cingam tana yauƙi jama'a na dariya, can anjima ta zube a ƙafar Yesu tana kuka a ce wai Magadaliya ce. Masu wa'azi ma haka, kullum "ko Magadaliya da ta yi karuwanci Yesu ya karɓe ta". Na bi Matiyu, Markus, Luka da Yohanna duk inda sunanta ya fito ban ga wannan maganar ba.

Danladi: Luka 7 mana 'yar'uwa, daga aya 36, matar da ta jiƙa ƙafafun Yesu da hawaye ta goge da gashin kanta a gidan Saminu Bafarisiye

Rifkatu: Yaya Danladi buɗe ka sake karantawa, babu suna a wurin. Wata mace mai zunubi kawai aka ce, ko irin zunubin ma ba a faɗa ba

Danladi: To ai ita ce aka kama da zina aka kawo za a jefe ta, Yohanna 8

Rifkatu: Ita ma ba suna 😅

Malam Ayuba: Rifkatu gaskiyarki ce, babu ayar. Abin da Linjila ta faɗa a kanta ba shi da yawa amma a fili yake. Luka 8:1-3 ya ce an fitar mata da aljannu bakwai, ya kuma jera ta tare da Yuwana matar Kuza wakilin Hirudus, da Suzana, da waɗansu mata da yawa da suke ɗawainiyar Yesu da almajiransa da dukiyarsu, wato tana cikin masu ciyar da tafiyar daga aljihunsu. Daga nan sai mu gan ta lokacin da aka gicciye shi, sai wurin binnewa, sai a kabari da asubar Lahadi, kuma a nan duk Linjila huɗun sun kama sunanta, yawanci ma ita ake fara lissafawa cikin matan. Iyakarta ke nan. Ba turare a ƙafa, ba jifa.

Abin da ya faru shi ne an ɗauki mata daban-daban an cure su wuri ɗaya. Mai zunubin Luka 7 ta shafa turare, Maryamu ta Betanya 'yar'uwar Marta da Li'azaru ita ma ta shafa turare a Yohanna 12, to tunda ga turare ga turare sai aka ce mutum ɗaya ce kuma sunanta Maryamu, tunda kuma ga wata Maryamun mai aljannu bakwai sai aka ƙara ta a kai. Sunan Maryamu kuwa ya yi yawa a ƙasar a lokacin, kamar ka shiga taron Zumuntar Mata ka ce Maryamu ta ɗaga hannu ka ga abin mamaki. A wurin gicciye kaɗai Yohanna ya lissafa uwar Yesu da Maryamu matar Kilofas da Magadaliya. Ku tuna kuma da can babu surori da ayoyi a littafin, sai a ƙarni na 13 aka raba surori, ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551, saboda haka mai karatu yana gama labarin mai zunubi sai ya faɗa kan sunan Magadaliya layi kaɗan a gaba. Amma ku lura yadda Luka ya gabatar da ita a 8:2, kamar wadda bai taɓa ambata ba. Da ita ce ta gidan Saminu me zai hana ya ce "matar nan da ta shafa masa turare"?

Wanda ya ba haɗin ƙarfi shi ne Fafaroma Giregori na ɗaya, a wani wa'azi da ya yi a Roma a shekara ta 591. Ya ce su ukun nan mace ɗaya ce, aljannu bakwai kuma na nufin dukan zunubai, turaren kuma wai shi ne wanda take shafawa a jikinta da can don aikin banza. Daga wannan wa'azin maganar ta zauna a ikilisiyar Yamma fiye da shekara dubu.

Istifanus: Na san za a zo kan Fafaroma 😂 Malam ka faɗi sauran mana. Mu 'yan Katolika tun 1969 da aka gyara kalandar ikilisiya aka raba su, karatun ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, ya koma Yohanna 20 maimakon Luka 7. A 2016 kuma Fafaroma Faransis ya ɗaga ranar tata ta zama idi daidai da na manzanni. Ku ne 'yan "Baibul kaɗai" kuke ta shafa wa yara janbaki har yau hhhh

Malam Ayuba: Ɗan'uwa Istifanus wannan bugun ya shiga, ba musu. Ikilisiyoyin Gabas ma, wato Otodoks, ba su taɓa haɗa su ba tun asali, suna kiranta daidai da manzanni. Ko a Yamma akwai masu kiranta manzo zuwa ga manzanni, irin su malamin tauhidi Toma Akwinas, amma labarin karuwanci ya fi daɗin faɗa da daɗin zanawa sai ya danne ɗayan.

Danladi: Duk na ji amma har yanzu ba wanda ya nuna mini ayar da ta ce ba ita ba ce

Rifkatu: Babu kuma ayar da ta ce ba Suzana ba ce, ko Yuwana matar Kuza, me ya sa su ba a laƙa musu ba? In haka za mu riƙa karatu ai ɓarawon da aka gicciye ma sai mu ce ƙanin Bitrus ne tunda babu ayar da ta ƙaryata

Gimbiya: Rifkatu kin kashe ni 🤣🤣

Mama Laraba: 'Ya'yana ku yi haƙuri ni ban yi makarantar Baibul ba kuma ɗiyata ce ke taya ni rubutu. Na daɗe a Zumunta muna zuwa bishara wuraren da 'yan mata ke zaman kansu, gidajen giya da bakin tasha, wasu an koro su daga gida da ciki, wasu marayu ne na rikici, wasu wani ne ya yaudare su ya kawo su birni ya gudu. In ka zauna da su abu na farko da za su ce maka shi ne Mama mu ai Allah ya gama da mu. Labarin Magadaliya muke ba su, mu ce ga wadda ta yi irin rayuwarku amma ita ce ta fara ganin Ubangiji bayan ya tashi. Na ga masu kuka, na ga waɗanda suka tattara kayansu suka bi mu, yau wasu suna gidan aure wasu suna ɗinki. Yanzu kun ce ba haka ba ne, to me zan faɗa musu?

Malam Ayuba: Mama sannu da aiki, Allah ya saka. Ba abin da aka ɗauke miki. Matar Luka 7 tana nan kuma Yesu ya ce mata an gafarta zunubanki, bangaskiyarki ta cece ki, sauka lafiya, a gaban mai gidan da ke ƙyamarta. Rahab tana nan, ita kam littafi da kansa ya kira ta karuwa, ga sunanta kuma a asalin Yesu a Matiyu 1:5. A Matiyu 21:31 Yesu ya dubi manyan firistoci da shugabanni ya ce masu karɓar haraji da karuwai za su riga ku shiga Mulkin Allah. Wannan ai ya fi ƙarfi, don daga bakinsa ya fito.

Mama Laraba: Na ji Malam. Amma matar Luka ba ta da suna kuma ba mu san inda ta ƙare ba, ta fita daga gidan Saminu shi ke nan. Yaran nan abin da suke so su sani shi ne bayan tuba akwai wurin zama a gaba ko sai dai a yafe maka ka koma bakin ƙofa. Shi ya sa Magadaliya ke taɓa su

Saratu: Maganar Mama ta tsaya mini a rai. Kuma bari in taɓo mu da muke murnar "wanke" Magadaliya, don wani lokaci yadda muke maganar kamar muna cewa alhamdu ashe ba karuwa ba ce, ashe mutuniyar kirki ce, shi ya sa ta cancanci ganin Yesu. To in da karuwar ce fa? Sai ya ƙi bayyana mata? Ni abin da ya sa nake son a gyara shi ne don ba gaskiya ba ne kawai, kuma don an yi amfani da shi an rufe aikin da aka ba ta. Bitrus ya yi musun Yesu sau uku a rubuce, Bulus ya tsananta wa ikilisiya a rubuce, amma ba wanda ke kiransu da tsohon laifinsu, ana ce musu manzanni. Ita da ba a rubuta mata laifi ko ɗaya ba ita ce har yau ake tunawa da zunubin da aka ƙaga mata.

Emma: Ni fa na kalli wani bidiyo a YouTube an ce matar Yesu ce, cocin ne ya ɓoye shi ya sa suka ɓata mata suna, akwai ma Linjilar Maryamu da aka cire daga Baibul

Baba Fasto: Kun gani ko. Abin da nake gudu ke nan, an fara da tambaya mai kyau ga shi an kai ga auren Yesu

Malam Ayuba: Baba a yi haƙuri in amsa masa, don ya riga ya ji. Emma ƙanena, ma'aunin da muka auna labarin karuwanci da shi, da shi za mu auna wannan, kuma shi ma bai tsaya ba. Maganar aure ta bazu ne ta littafin ƙagaggen labari The Da Vinci Code na 2003 da fim ɗinsa, ba littafin tarihi ba ne. Linjilar Maryamu kam akwai ta, an sayi takardun a Alƙahira a 1896 cikin harshen Kibɗawa na Kiristocin Masar, aka buga a 1955, masana na ganin an rubuta ta a ƙarni na 2 bayan duk shaidun gani da ido sun mutu, kuma shafuka da dama sun ɓata. Ba a cire ta daga Baibul ba don ba ta taɓa shiga ba. Kuma babu aure a cikinta, abin da ke ciki shi ne Maryamu tana koya wa almajirai wani abu da ta ce ta gani a wahayi, Andarawas da Bitrus suka ƙi yarda, Bitrus na cewa ya za a yi Yesu ya faɗa wa mace abin da bai faɗa mana ba, Lawi ya tsawata masa. Amfaninta a wurin mai tarihi shi ne ta nuna tun a lokacin Kiristoci na gardama a kan ko mace za ta koyar. A 2012 wata farfesa a Harvard ta fito da wani ɗan guntun takarda da aka ce Yesu ya ce "matata" a ciki, jaridun duniya suka ɗauka, a 2016 aka bi diddigin mai takardar aka gano jabu ce, ita kanta farfesar ta yarda alamu sun nuna haka. Ka lura kuma, mai cewa karuwa ce da mai cewa matarsa ce duk abu ɗaya ke damunsu, sun kasa ganin mace kusa da Yesu sai da zancen shimfiɗa.

Emma: Toh Malam na ji, amma fim ɗin The Passion ma ai ita aka nuna za a jefa

Malam Ayuba: Eh, fim ɗin 2004, haka suka nuna, Yesu na rubutu a ƙasa ita tana miƙa hannu zuwa ƙafarsa. Daga nan da yawanmu suka samo "ayar", a majigi a filin coci daren Jumma'a Mai Kyau. Ko Giregori bai sa matar Yohanna 8 cikin lissafinsa ba, daga baya aka ƙaro ta. Shi wannan labarin ma yana da nasa tarihin, Yohanna 7:53 zuwa 8:11 babu shi a mafi tsufan kwafin Girkanci da muke da su, babu a takardun gargajiya guda biyu na Yohanna da ake kira P66 da P75 na wajen shekara ta 200, babu a manyan kwafin Baibul guda biyu na ƙarni na 4 da ake kira na Sina'i da na Batikan. Kwafin Girkanci na farko da ya fito a ciki na wajen shekara ta 400 ne, wasu kwafin kuma a Luka suka sa shi bayan 21:38.

Baba Fasto: Malam Ayuba tsaya nan. Ina girmama iliminka, ni ma na zauna a ajin da aka koya mana waɗannan, amma zaure irin wannan akwai sabbin tuba, akwai yara 'yan sakandare, akwai wanda ayar "ni ma ban hukunta ki ba" ita ce ta riƙe shi bai kashe kansa ba. Kai za ka rubuta ka kwanta, mu ne gobe za a zo ofishinmu a ce Baba ashe an ƙara abu a Baibul. Ka san kuma inda muke zaune, maƙwabtanmu na jiran irin wannan su ɗauki hoton rubutun su ce ga malaminsu ya yarda an canza Linjila. Bulus ya ce abu duka halal ne amma ba duka ke ginawa ba.

Malam Ayuba: Baba na fahimci nauyin da ke kanku, amma ba asiri na tona ba, Baibul na Turanci da yawa da ke hannun yaran nan sun sa wurin cikin baka ko sun rubuta bayani a ƙasan shafi, haka ma ƙarshen Markus 16:9-20. Masu muhawara a TikTok sun riga sun haddace. Zaɓin da ya rage mana shi ne yaro ya fara ji daga bakin fastonsa da cikakken bayani, ko ya fara ji daga wanda ke son kayar da shi sannan ya dawo yana tambaya me kuma kuka ɓoye mana. Kuma dalilin da ya sa muka san wannan ai don muna da kwafin Girkanci fiye da 5,000 ana gwada su da juna a bainar jama'a, wannan ƙarfi ne a wurina. Labarin kansa tsoho ne, wani littafin koyarwar ikilisiya na Siriya a ƙarni na 3 ya ambaci irinsa don ya gargaɗi bishop-bishop su karɓi masu tuba, cikin manyan malaman ikilisiya na da kuma Jerom ya sa shi a fassarar Latin, Agustin ma cewa ya yi yana zargin wasu maza ne suka cire shi don tsoron kada matansu su samu kafa. Masana da yawa na ganin abin ya faru, wurin zamansa a littafi ne bai tabbata ba. Ni ina wa'azi da shi ba tare da ɗar ba.

Baba Fasto: Ban ce a ɓoye ba, na ce a san wuri. A nazarin Baibul na ranar Laraba inda zan ga fuskar mutum in ya rikice, can zan koyar. Amma maganar Magadaliya ba ni da ja, aya ba ta ce ba mu ma kada mu ce

Gimbiya: Agustin ya san halin maza tun da can 😭

Saratu: Tunda an zo Yohanna 8, ina mutumin? An ce a cikin aikin aka kama ta, ita kaɗai take yi? Firistoci 20:10 da Maimaitawar Shari'a 22:22 duk sun ce su biyun ne za a hukunta. Kuma mu daina yi kamar labarin Yahudawan da ne. A cocin da na taso wata yarinya 'yar kwaya ta yi ciki, aka tsayar da ita gaban jama'a ranar Lahadi aka karanta sunanta aka sa ta a horo, bencin baya, ba jibin Ubangiji, uwarta ta daina zuwa Zumunta don kunya. Wanda ya yi cikin kowa ya san shi, ɗan wani babba ne a cocin, aka tura shi wurin kawunsa a wani gari, da Kirsimeti ya dawo yana kaɗa jita a gaba. Yarinyar ba ta sake taka cocin ba. Waɗannan ne Mama ke zuwa nema a bakin tasha, mu muka kai su can.

Danladi: Ba wai ina kare shi ba amma matsalar ita ciki ke nunawa, shi in ya musa dattawa ba su da shaida. Kuma horo ai umarni ne, 1 Korintiyawa 5

Saratu: Yaya Danladi 1 Korintiyawa 5 namiji Bulus ya ce a hora 🙂 karanta

Istifanus: Wannan abin ya taɓa kai wa ga mummunan wuri a ƙasar Ayalan (Ireland), kuma a cocinmu ne, ba zan ɓoye ba. Akwai gidajen wanki da ake kira da sunan Magadaliya, 'yan sista ke riƙe da su, ana kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure ko waɗanda aka ga kamar za su lalace, su yi ta wanki ba albashi wasu har mutuwa, wai suna tuba irin na Magadaliya. Sai a 1996 aka rufe na ƙarshe, a 2013 firaministan ƙasar ya nemi gafara a majalisa. Ba a taɓa gina irin gidan don mazan da suka yi cikin ba

Rifkatu: Kai. Ban taɓa jin wannan ba

Mama Laraba: Saratu 'yata abin da kika faɗa gaskiya ne kuma mu mata muna da hannu, mu ne masu fara nuna yarinya da baki a Zumunta, mu ne masu hana 'ya'yanmu zama kusa da ita. Laifi tudu ne

Rifkatu: Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne Yohanna 20. Bitrus da ɗaya almajirin sun zo sun leƙa kabari sun koma gida, ita ta tsaya tana kuka, Yesu ya kira sunanta, sannan ya ce je ki wurin 'yan'uwana ki faɗa musu. Wa'azin tashin Yesu na farko a duniya mace ce ta yi wa maza, da umarninsa. Amma a cocinmu mace ba ta hawa bagade sai makon Zumunta sau ɗaya a shekara, shi ma sai an ce "za ta yi mana gargaɗi", ba a cewa wa'azi

Danladi: 1 Timoti 2:12, Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba

Baba Fasto: 'Yata Rifkatu aike daban naɗi daban. An aike ta da saƙo, ba a ɗora mata hannu ta yi kiwon ikilisiya ba, kuma da aka zo cike gurbin Yahuza a Ayyukan Manzanni 1 cikin maza aka zaɓa alhali matan suna ɗakin. Ban raina aikinta ba, amma kada mu gyara ƙari ɗaya mu yi wani ƙarin

Malam Ayuba: Baba wannan gaskiya ne, Yohanna 20 kaɗai ba zai yanke maganar naɗi ba, sai an haɗa da Fibi da Biriskila da Yuniya, matan da Bulus ya yaba a Romawa 16, da kuma ayar da Danladi ya kawo. Amma akwai abin lura. Luka 24:11 ya ce da matan suka kawo labari manzanni suka ɗauka tatsuniya ce. Yosifus marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1 ya rubuta cewa kada a karɓi shaidar mata. A ƙarni na 2 wani arne mai suna Kelsus ya yi wa Kiristoci ba'a cewa tashin Yesu ya dogara ne a kan maganar mace mai taɓin hankali, malamin ikilisiya Orijen ne ya adana mana maganarsa da yake ba shi amsa. Ko a 1 Korintiyawa 15 inda Bulus ya jera waɗanda suka ga Ubangiji da Kefas, wato Bitrus, ya fara, ba mace ko ɗaya da suna. Duk da haka marubutan Linjila huɗu suka bar ta a wurin, alhali da ƙaga labarin suka yi da namiji mai mutunci za su sa a bakin kabari. Mu kanmu muna amfani da wannan hujjar duk Ista don tabbatar da tashinsa, wato shaidarta ta ishe mu kare bangaskiya a gaban duniya, sai a cikin gida ne muke mata iyaka.

Admin: Jama'a maganar naɗin mata a buɗe mata nata zaren don Allah, wancan karon sai da muka cire mutum biyu. Kuma ba ambaton sunan coci ko na fasto

Saratu: To Admin. Amma tambayata ga Baba ba ta naɗi ba ce. Baba a tsarin horo da kuke bi, in yarinya ta faɗi sunan wanda ya yi mata ciki shi kuma ya musa, me ake yi?

Baba Fasto: A rubuce su biyun ne ake hora, kuma ni na taɓa dakatar da ɗan dattijo, wata shida ubansa bai gaishe ni ba, baikon gidan ma ya tsaya. In ya musa ana kiran iyaye da shaidu, in ya tsaya a kan musu sai a bar shi da Allah

Saratu: Ita kuma a bar ta da bencin baya

Danladi: Yanzu ai akwai gwajin jini a asibiti, in dattawa da gaske suke sai a jira ta haihu a gwada kafin a karanta sunan kowa

Mama Laraba: Wa zai biya kuɗin gwajin Danladi, uban yarinyar da ko kuɗin awo ba shi da shi? In cocin na son gaskiya ta cire daga asusu, ai ana cirewa a sayi janareto